Yadda Ake Haɗa Intanet a Shago ko Ƙaramin Ofis Tare da Tsare Shi Daga Masu Kutse

Yawancin wuraren da ake kirana in duba musu intanet, ko shagon buga takardu ne, ko kemis, ko ofishin makarantar kuɗi, ko gidan da magidanci ya sayo rauta, wato na'urar da ke raba intanet, saboda karatun yara, ƙorafin kusan iri ɗaya ne: data na ƙarewa tun wata bai raba ba, netwok ya yi nauyi, firinta yau a gan ta gobe a rasa. In na buɗe rautar sai in tarar tana nan yadda ta fito daga kwali, ba a taɓa saitin komai ba, kalmar sirrin kuma ta zaga layin gaba ɗaya, har mai shayin bakin titi yana da ita. Gyaran wannan ba ya buƙatar digiri. Duk wanda ya iya saita sabuwar waya zai iya shi, in dai ya zaɓi ranar da babu cinkoson kwastomomi ya bi matakan a jere.

Kayan da za ka tanada

Na farko rautar kanta. Ko mai cin SIM ce irin wadda MTN da Airtel ke sayarwa, ko ta kamfanoni irin su TP-Link, Huawei, ZTE da Tenda, abu uku za ka duba kafin ka biya: tana da tsaron WPA2 ko WPA3, tana da abin da ake rubuta wa Guest Network, wato layin baƙi, kuma tana da ramukan kebul a bayanta. Ƙaramar MiFi ta aljihu ta yi wa mutum ɗaya da iyalinsa, amma ba ta ɗaukar nauyin ofis, kuma in aka bar ta a jone dare da rana batirinta kumbura yake yi.

Sai kwamfuta ɗaya da gajeren kebul na netwok don yin saiti. In babu kwamfuta, waya ma ta yi. Idan za ka ja kebul zuwa tebura, kana buƙatar kebul Cat5e ko Cat6, kawunan RJ45, filayar matse kai, da 'yar testa mai fitilu takwas. Ramukan rauta galibi ba su wuce huɗu ba, in na'urorinka sun fi haka sai ka ƙara suwic, wato akwatin ƙara ramuka, mai rami biyar ko takwas. Ka nemi ƙaramin UPS na rauta, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, da soket mai kare na'ura daga tsallen wuta. Sai faifan ajiya na waje, tsinke ko allura, da littafi da biro. Littafin nan kada ka raina shi, don komai ka saita a ciki za ka rubuta.

Game da kebul, araha ba ta ado. Akwai wanda aluminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Ka fere silin waya ɗaya ka kankare shi da reza: in cikin ya fito fari, bar shi a shagon. Irinsa karyewa yake yi a cikin kai, ya bar ka kana zargin rauta alhali ba laifinta.

Abu ɗaya da ya kamata ka gane tun yanzu: rauta kalmar sirri biyu gare ta. Akwai ta Wi-Fi, wadda ake sakawa a waya don a hau intanet. Akwai kuma ta shiga cikin saitin rautar, ta mai gida. Mutane da yawa ta farkon kawai suka sani, ta biyun kuwa tana nan a "admin" tun ranar da aka sayo. Wanda ya riƙe ta biyu shi ke da netwok ɗin: zai iya ganin ta farkon, ya canja ta, ya kore ka, ko ya karkatar da duk wanda ya hau zuwa shafukan bogi.

1. Zaɓi wuri, ka gyara wuta

Ka ɗora rautar a sama, tsakiyar wurin da ake aiki, ba a ƙasan kanta ba, ba cikin durowar ƙarfe ba. Ƙofar ƙarfe, firji da bangon siminti mai kauri duk suna cinye sigina. In mai SIM ce, ka yi ta matsar da ita kusa da tagogi kana kallon ƙarfin sabis. A shafin saitin wasu za ka ga RSRP, ma'aunin ƙarfin sabis: kusan -80 yana da kyau, in ya gangara wajen -110 to sabis ɗin ya yi rauni, sai ka canja taga ko ka sa eriyar waje.

Kada ka manna ta da rufin kwano, kada ka ɗora ta kan inbata. Zafin watan Afrilu kaɗai ya isa ya sa ta riƙa kashe kanta tana tashi. Lokacin hunturu kuma ka riƙa kakkaɓe ƙurar da ke toshe ramukan iskarta.

Duba rubutun jikin cajarta. Yawanci 12V ne, wasu 9V. UPS ɗin da za ka sa dole ya dace da wannan lamba, kada ka ce ai bakin ya shiga. Kuma in za a tada janareto, a bari ya daidaita kafin a juya layi.

2. Shiga cikin rautar

Juya rautar ka karanta sitikar da ke ƙasanta. A nan za ka ga sunan Wi-Fi na asali, kalmarsa, adireshin shiga, da sunan mai gida. Ka ɗauki hotonta. Jona kwamfuta da kebul a ramin da aka rubuta LAN, buɗe Chrome ko Firefox, ka rubuta adireshin a layin sama, ba a akwatin binciken Google ba. Galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1.

In sitikar ta goge, a Windows ka buɗe cmd, ka rubuta ipconfig, ka danna Enter. Lambar da ke gaban Default Gateway ita ce adireshin. A waya kuma tana cikin bayanan Wi-Fi ɗin da ka hau.

Idan rautar ta hannu ce, ko wani ne ya saita maka tun da daɗewa kuma ba ka san abin da ya yi ba, mayar da ita sabuwa tukuna. Tana kunne, ka soka tsinke a ƙaramin ramin Reset ka riƙe kamar daƙiƙa 10 har fitilu su ɗauke. Amma ka yi hattara: in intanet ɗinka na waya ce da kamfani ya ja maka, mai yiwuwa akwai suna da kalmar da suka saka a ciki. Ka karɓe su a rubuce kafin ka goge, in ba haka ba za ka wuni babu intanet kana jiran ma'aikacinsu.

3. Canja kalmar mai gida

Wannan kafin komai. Nemi System Tools, Administration ko Management, ka canja kalmar shiga. In rautar ta yarda a canja sunan "admin" ɗin ma, canja shi. Kalmar ta zama daban da ta Wi-Fi, daban da ta imel ɗinka. Rubuta ta a littafi, littafin kuma ya zauna a gida ko a durowa mai makulli.

Mai ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da Mirai. A 2016 wannan muguwar manhaja ta riƙa yawo a intanet tana gwada kalmomin asali kusan 60, irin su admin da 12345, a kan rautoci da kyamarori. Da haka kawai ta kama na'urori dubu ɗaruruwa, kuma a watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da su wajen kai hari kan kamfanin Dyn, wanda manyan shafuka suka dogara da shi, har Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane da dama a Amurka. Masu na'urorin ba su ma san da su ake aikin ba.

4. Sabunta manhajar rautar

Nemi Firmware Upgrade ko Update. Sababbin rautoci suna dubawa da kansu, danna maɓalli kawai za ka yi. Tsofaffi sai ka je shafin kamfanin ka sauko da fayil ɗin da ya dace da lambar samfurin da kuma sigar da ke kan sitika, V2 ce ko V3, don ba ɗaya ba ne. Kada ka fara sai rautar tana kan UPS ko inbata. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, rautar na iya mutuwa murus.

5. Suna da kalmar Wi-Fi

A sashen Wireless, canja sunan da ke gaban SSID. Kada ka bar sunan kamfani da lambar samfuri, don wannan gaya wa mai kutse irin na'urarka ne. Kada kuma ka sa sunanka ko lambar wayarka.

A wajen Security zaɓi WPA3 in dukkan na'urorinka sababbi ne, ko WPA2/WPA3 a haɗe, ko WPA2-PSK tare da AES. WPA2 ta fito tun 2004, WPA3 kuma a 2018, shi ya sa tsofaffin firintoci ba su san WPA3 ba. WEP kuwa an daɗe da fasa ta, cikin mintuna ake buɗe ta. Rautar da WEP kaɗai ta sani, lokacin ritayarta ya yi.

Kalmar Wi-Fi tana ɗaukar harafi 8 zuwa 63, amma kada ka tsaya a takwas. Abin da na fi gani shi ne lambar wayar mai shago, wadda kuma ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon ƙofar shagon. Sai sunan ɗa da shekarar haihuwarsa, sai 12345678. Tsawo ya fi tarkacen alamomi amfani. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, ka tsarma lambobi, misali tulu7-rakumi-lemo-kwano42. Wannan misali ne, ƙirƙiro taka. Ka guji haruffa masu lanƙwasa irin ƙ, ɗ da ɓ, domin firinta da talabijin ba za su iya rubuta su ba, wasu rautocin ma ba sa karɓa.

In ka ga 2.4GHz da 5GHz, na farko ya fi nisa da ratsa bango, na biyu ya fi gudu amma a kusa. A kasuwa ko filaza inda kowane shago da rautarsa, 2.4 ɗin cunkushe yake. Gwada sa Channel a 1, 6 ko 11, ka bar shi a wanda ya fi sauƙi.

Ɓoye sunan Wi-Fi da tace na'urori ta lambar MAC, wato lambar shaidar kowace na'ura, ni ba na ɓata lokaci a kansu. Wanda ya san aiki zai ga ɓoyayyen suna cikin ɗan lokaci, wayoyin yanzu kuma suna ƙirƙiro lambar MAC ta daban ga kowane netwok. Wahalar kuwa kai za ta dawo wa.

6. Kashe abubuwa uku

WPS, wanda aka yi don a haɗa na'ura ba tare da rubuta kalma ba. A ƙarshen 2011 aka gano cewa lambarsa mai guda takwas rauta tana tantance ta ne rabi-rabi, ta ƙarshen kuma lissafi ce kawai, saboda haka gwaji kusan 11,000 ya isa a dace. Manhajojin satar Wi-Fi da samari ke sakawa a waya, da yawansu nan suke bi. Komai tsawon kalmarka, in WPS na kunne a tsohuwar rauta, aikin banza ka yi.

Remote Management ko Web Access from WAN, wanda ke ba da damar shiga saitin rauta daga wajen ofis. Ba ka buƙatarsa.

UPnP, wanda ke barin kowace na'ura ta buɗe wa kanta hanya zuwa waje ba tare da ta tambaye ka ba. A ofis kashe shi. A gida in yara masu wasan gem suka yi kuka, kai za ka auna.

7. Raba netwok gida biyu

In abu ɗaya kawai za ka ɗauka daga wannan bayani bayan canja kalmar mai gida, to wannan ne. Gidan Bahaushe yana da zaure: baƙo ya zauna, a kawo masa ruwa, a gaisa, amma ba ya zarcewa cikin gida. Layin baƙi shi ne zauren netwok ɗinka. Wanda ya hau shi zai sami intanet, amma ba zai ga kwamfutar lissafi, firinta, kyamara ko shafin saitin rauta ba.

Kunna Guest Network, ba shi suna daban da kalma daban, shi ma da WPA2. Sannan ka nemi zaɓin da ke ba baƙi damar shiga netwok na ciki. A TP-Link an rubuta "Allow guests to access my local network", tare da "Allow guests to see each other". Duka biyun a bar su a kashe. A wasu rautocin sunan abin AP Isolation. In akwai wurin iyakance gudu, ka yanka wa baƙi kaso kaɗan, don kada mai kallon TikTok ya hana a tura takardar kwastoma.

Su wa za su hau babban layi? Kayan aiki kawai: kwamfutocin ofis, firinta, na'urar POS in tana amfani da Wi-Fi, da wayar da ake harkar banki da ita. Kai da hannunka za ka saka musu kalmar. Kowa kuma, har da wayoyin yaran shago, da abokai, da ƙaninka da ke zuwa hira bayan la'asar, layin baƙi. Dalili shi ne, tun daga Android 10 duk wayar da ta hau Wi-Fi tana iya fito da lambar QR da wani zai ɗauka ya hau, sau da yawa ma da kalmar a rubuce a ƙasa. Ko ka karɓi wayar mutum ka saka masa ba tare da ya gani ba, ka riga ka ba shi, shi ma zai ba wani. Ba mugunta ba ce, kunya ce: abokinsa ya roƙa, ba zai iya cewa a'a ba. Kai ma ba za ka iya hana surukinka ba. Da layin baƙi ka huta, ka ba kowa da fara'a, ƙarshen wata ka canja kalmar ba tare da ka taɓa firinta ko kwamfuta ɗaya ba.

In rautarka ba ta da layin baƙi, ko tana da shi amma ba ya raba komai, ka samo rauta ta biyu ko da tsohuwa ce mai WPA2. A nan ne mutane ke juya abin. Rautar farko, mai SIM ko wadda intanet ke shigowa ta cikinta, ita ce ta baƙi. Ka ja kebul daga raminta na LAN zuwa ramin WAN na ta biyun, kayan aiki su hau ta biyun. Na'urorin da ke bayan ta biyu suna iya leƙo na farko, amma na farko ba sa iya leƙa su. In ka sa baƙi a ta biyu, ka buɗe musu abin da kake son rufewa. Ka tabbata kuma adireshinsu ya bambanta: in ta farko 192.168.8.1 ce, ta biyu ta zama 192.168.0.1. A wannan tsari baƙi na iya kaiwa ga shafin saitin rautar farko, don haka kalmar mai gidanta ta zama mai ƙarfi sosai.

8. Ja kebul, ka zaunar da firinta

Duk abin da ba ya motsi, ba shi kebul. Ya fi gudu, ba ya yankewa, kuma ba a satarsa ta taga. Tsawon kebul ɗaya kada ya wuce mita 100. Kada ka ɗaure shi tare da wayar wuta, kada ka lanƙwasa shi sosai a kusurwa.

Wajen matse kai, fere bawon kamar tsawon gaɓar yatsa, warware silin takwas ka jera su daga hagu zuwa dama: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ruwan ƙasa. Wannan jeri shi ake kira T568B, kuma haka za ka yi a duka bakin biyu. Datse su daidai, ka riƙe kan harshensa na kallon ƙasa, ka tura har ka hango jan ƙarfen kowanne a ƙarshe, bawon ma ya shiga ciki, sannan ka matse. Sa a testa: fitilu su bi 1 zuwa 8 a jere a ɓangarorin biyu. In ɗaya ta tsallake, yanke ka sake. Wanda ba shi da filaya ya auna tsawon ya sayi haɗaɗɗe.

Kebul da zai ratsa fili daga gini zuwa gini, a damina haɗari ne. Tsawa ko ba ta faɗo a kansa ba tana iya ƙone ramukan rauta da na kwamfuta. In hadari ya haɗu, zare shi.

Firintar da ke ɓacewa kuwa, adireshinta ne ke canjawa duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo. Shiga DHCP, sashen da ke raba wa na'urori adireshi, nemi Address Reservation ko Static Lease, zaɓi firintar ka ɗaure ta a lamba ɗaya, ka rubuta a littafi. Haka za ka yi wa na'urar naɗar kyamara.

9. Kyamarori

Na'urar kyamara ma kwamfuta ce, kuma mai sakawa yakan sa kalma ɗaya a duk wuraren da ya yi aiki. Da ya gama, ka canja ta a gabansa, ka duba jerin Users ka goge wanda ba ka sani ba. Asusun kallo ta waya, Hik-Connect na Hikvision ko DMSS na Dahua, a buɗe shi da imel ɗinka ko lambarka, ba nasa ba. In ya ce sai an buɗe Port Forwarding, wato a buɗe wa na'urar ƙofa daga waje, ka ce a bi ta manhajar kamfanin. A layukan SIM ma yawanci buɗewar ba ta aiki, don kamfanin sadarwa na haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya.

10. Matatar shafuka

A saitin Internet ko DHCP akwai gurbin DNS, wato mai fassara sunan shafi zuwa adireshinsa. In ka sa 9.9.9.9 na Quad9, zai toshe shafukan da aka san na damfara da ƙwayoyin cuta ne. Na Cloudflare 1.1.1.2 ma haka, 1.1.1.3 kuma yana ƙarawa da shafukan batsa, wanda ya dace da gida da makaranta. Gurbi na biyu ka sa abokin na farko, wato 149.112.112.112 ga Quad9, ko 1.0.0.3 ga 1.1.1.3. Wasu rautocin kamfanonin waya sun kulle wannan gurbi, sai ka saka a kowace kwamfuta. Yaro mai wayo zai iya zagaye ta da VPN, don haka kada ka ɗauka ka gama tarbiyya.

11. Kwamfutocin kansu

Cutar da na fi cirewa a shagunan buga takardu ba ta intanet take shigowa ba, a filash take zuwa. Ɗalibi ya kawo aikinsa, a soka, a buɗe, sai manyan fayiloli su koma gajerun hanyoyi (shortcut) masu 'yar kibiya. Wanda ya danna ɗaya ya kunna cutar, daga nan duk filash ɗin da aka soka ya ɗauka. Kashe AutoPlay, ka kunna nuna ƙarshen sunan fayil a File Explorer, don ka gane takardar da ke ƙarewa da .exe ba takarda ba ce. Mafi kyau ka ware kwamfuta ɗaya ta karɓar filash, wadda ba a buɗe banki ko imel a kanta. Ko kuma a ce kwastoma ya turo ta WhatsApp.

Buɗe wa ma'aikata asusu na Standard, na Administrator ya zauna a hannunka. Microsoft Defender da ke zuwa da Windows ya wadatar in ana sabunta shi. Abin da ke kashe shi shi ne manhajojin sata, waɗanda umarninsu na farko shi ne "kashe antibairos kafin ka saka". In kuɗin Office ne matsala, LibreOffice kyauta ce.

Na san dalilin da ya sa ake kashe sabuntawar Windows: tana shan data. Maimakon kashewa, sa Metered connection a saitin netwok, sannan ka ware dare ɗaya a wata ka cire shi ka bar ta ta sabunta. A watan Mayun 2017 WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnatin Ingila, alhali Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris. Ta bi ta tsohuwar hanyar raba fayil ce mai suna SMB1, saboda haka ka duba Windows Features ka tabbata babu alama a kanta. In kuna raba fayiloli tsakanin kwamfutoci, Password protected sharing ya kasance a kunne.

Windows 7 ta daina samun gyara tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi. Tsohuwar kwamfutar da ba za ta ɗauki Windows 11 ba, ko ka sa mata Linux Mint, ko ka zare ta daga intanet ta zama ta buga takardu kawai.

Imel da WhatsApp na kasuwanci, kunna musu tabbatarwa mai mataki biyu. Ka kuma ja kunnen duk wanda ke riƙe wayar shago: lamba shida da ke shigowa ta saƙo ba a karanta wa kowa, ko da ya ce daga banki yake ko daga ƙungiyar 'yan kasuwa.

12. Ajiya

Kwafi uku ake so: na kan kwamfuta, na faifan waje, da na wani wuri daban, kamar Google Drive mai ba da 15GB kyauta. Ka kwafe a faifan duk ranar da kuka tsayar a mako, sannan ka zare shi ka tafi da shi gida. Faifan da ke jone kullum, cutar da ta kulle kwamfuta za ta kulle shi, ɓarawon da ya ɗauki kwamfuta zai haɗa da shi, gobarar kasuwa ma ba za ta bar shi ba. Lokaci-lokaci ka buɗe fayil ɗaya daga ciki ka ga yana buɗuwa.

13. Gwada, sannan ka riƙa leƙawa

Hau layin baƙi da wayarka, ka rubuta adireshin rauta (in biyu ne, na ta biyun) ko na firinta a burauza. In shafin ya buɗe, rabuwar ba ta yi ba, koma mataki na 7. Kashe rautar ka kunna, ka ga ko firinta ta dawo a lambarta. Daga nan shiga Backup & Restore ka sauke fayil ɗin saitin, ka ajiye a faifan waje.

Duk wata ka buɗe jerin Connected Devices ko DHCP Clients, ko ka yi amfani da manhajar Fing, ka gwada da jerin da ke littafinka. In ka ga baƙuwar na'ura a babban layi, toshe ta kaɗai ba ya isa, za ta dawo da sabuwar lamba. Canja kalmar. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ko da lafiya aka rabu, a canja ta baƙi da duk wata kalma da ya sani, a goge asusunsa a kwamfuta da kyamara, a kuma duba Linked devices a WhatsApp na shago a fitar da abin da ba a gane ba.

In kalmar mai gida ta ɓace maka, tsinke da ramin Reset ne mafita. Ka shiga da bayanan sitika, ka sake bin matakai na 3 zuwa 8 daga littafinka. Fayil ɗin saitin da ka ajiye yana da amfani in rautar ce ta rikice, amma a yawancin rautoci yana dawowa ne har da tsohuwar kalmar, don haka kada ka loda shi sai kana da ita a rubuce.